Saura Mako Biyar a Fara WAEC: Ta Yaya Uwa Za Ta Taimaki 'Yarta a Bita?

Tambaya ta zo daga wata baiwar Allah da ke unguwar Pantami a cikin garin Gombe, game da 'yarta mai shekara 17 wadda ke ajin ƙarshe na sakandare. Ta ce saura kamar mako 5 a fara jarrabawar WAEC, yarinyar kuwa takan kai ƙarfe 2 na dare tana karatu da hasken waya, amma da gari ya waye sai ta ce komai ya zube daga kanta, har ta fara ramewa, abu kaɗan kuma sai kuka. Uwar ta ce ita karatun bokonta bai wuce firamare ba, don haka ban da addu'a ba ta san ta inda za ta kama mata ba.

Hajiya, Allah Ya yi wa yarinyar nan albarka, Ya ba ta sa'a, ke kuma Ya saka miki da alheri bisa wannan kulawa. Na shafe shekara sama da 20 ina koyar da Lissafi a makarantun sakandare a nan jihar Gombe, na kuma sha zama cikin masu duba takardun jarrabawar kammala sakandare, saboda haka abin da kika bayyana ba baƙon abu ba ne a wurina. Kusan kowace shekara, da zarar zafin watan Maris ya kankama, nakan fara ganin irin wannan rama da jan ido a fuskokin ɗalibaina, kuma abin da ke ba ni tausayi shi ne yawanci masu himmar cikinsu abin ke kamawa. 'Yarki tana ba karatu lokaci har fiye da kima. Abin da ke neman gyara shi ne yadda take kashe lokacin. Gyaran kuwa yana hannunki fiye da yadda kike tsammani, domin hanyar bitar da ta fi kowace inganci ke kin san ta tun kina makarantar allo.

Ki tuna yadda ake hadda. Ba a taɓa yarda cewa yaro ya iya allonsa don kawai ya zauna yana bin rubutun da ido sau ashirin ba. Sai ya kifa allon ya biya da ka a gaban malam, inda ya kakare a ɗora shi, ya koma gefe ya gyara, ya sake dawowa ya biya, har sai karatun ya zauna sannan a ce ya je ya wanke. Bayan an wanke ɗin ma ba a yin watsi da shi, ana komawa tishi lokaci bayan lokaci, saboda kowane gardi ya san cewa haddar da ba a tilawarta guduwa take yi. Ɗaliban boko da yawa sun saki wannan hanya. Sai ɗalibi ya buɗe littafin rubutunsa ya karanta daga sama har ƙasa, ya ja layi da jan biro, ya sake karantawa, kuma a karo na uku idonsa ya riga ya saba da shafin, zuciyarsa ta ce masa ai ya iya. Alhali ganin abu a gane shi daban ne, tuno shi da ka ba tare da littafi a gaba ba kuma daban, ɗakin jarrabawa kuwa na biyun yake nema. Na taɓa tambayar wata ɗalibata ƙa'idar lissafin girman da'ira, sai ta ce da ni ta san wurin sarai, yana ƙasan shafin hagu kusa da inda manja ya ɗiga a littafinta, amma da na miƙa mata alli ta kasa rubuta ƙa'idar. Ta haddace kamannin shafin ne, abin da ke cikinsa bai shiga ba.

Masu nazarin ƙwaƙwalwa sun daɗe da tabbatar da abin da malamanmu na tsangaya suka sani ta hanyar gogewa. Tun a 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan an koyi abu, kuma komawa kansa bayan an ba da tazara yana rage saurin mantuwar. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun ba ɗalibai rubutu su karanta, wasu suka yi ta maimaita karatun, wasu kuma aka ɗauke takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti 5, masu maimaita karatu ne suka yi gaba, amma bayan mako guda masu rubutawa da ka sun wuce su da tazara bayyananniya. Wannan shi ne ainihin abin da ke faruwa da 'yarki: da daddare tana jin ta iya, kuma a wannan lokacin gaskiya take faɗa, sai dai iyawa ce mara saiwa wadda ba ta kwana.

Ga yadda za ki shiga cikin lamarin, ko da ba ki jin Turancin da ke cikin littattafanta. Bayan sallar isha'i ku zauna a tabarma a tsakar gida, ki karɓi littafin ki rufe shi ki ɗora a cinyarki, ki ce ta yi miki bayani da Hausa abin da ta karanta yau, tamkar ita ce malama ke ce ɗaliba. Idan Bayoloji ta karanta, ta faɗa miki yadda jini ke fita daga zuciya zuwa huhu ya ɗebo iska mai kyau ya dawo, sannan zuciya ta harba shi zuwa sauran jiki. Ki yi mata tambaya irin wadda kowane mai hankali zai yi: to me ya sa sai ya bi ta huhu, me zai faru in bai bi ba? Za ki ji inda bayaninta ke tafiya sumul, za ki kuma ji inda ta fara “wato, wato” tana kallon sama. Wannan wurin da ta kakare shi ne ramin da ke cikin karatunta, kuma gara ya bayyana a gabanki da ya bayyana a gaban mai sa ido ranar jarrabawa. Daga nan ta ɗauki farar takarda ta rubuta bayanin da Turanci ba tare da ta leƙa ba, domin da Turanci za ta amsa, sai bayan ta gama ta buɗe littafin ta gwada, ta cike abin da ta tsallake da biro mai wani launi. Bayan kwana biyu ta sake rubuta wannan batu da ka, bayan mako guda ta kuma. Idan akwai ƙaninta ko ƙanwarta da ke ƙaramar sakandare, shi ma zai iya riƙe littafin yana bin ta da ido yayin da take biyawa. Za ta ce miki wannan hanya ta fi wahala kuma tana sa ta jin kamar ba ta iya komai ba; ki gaya mata cewa wahalar nan ita ce alamar karatun yana shiga.

Sai maganar abin da za a karanta da abin da za a bari. Manhajar shekara uku ba za ta shiga mako biyar ba, kuma yawan kukan yarinyar yana iya kasancewa daga nan yake, domin duk lokacin da ta kalli tarin littattafan sai ta ga dutse a gabanta. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma wanda tafiya ta riga ta kama sai ya duba abin da ya fi buƙata ya ɗauka. Ta ware yamma guda ta jera batutuwan kowane darasi a takarda, ta yi wa kowanne alama: wannan na iya, wannan na ɗan iya amma ina tangal-tangal, wannan ban taɓa fahimta ba. Mafi yawan lokacinta ya tafi kan na tsakiya, domin a nan ne ƙaramin ƙoƙari ke kawo maki mai yawa. Waɗanda ta iya, tishi kaɗan ya ishe su, kodayake na san ɗalibai sun fi son zama a kansu saboda daɗin da ke cikin karanta abin da aka riga aka sani. Waɗanda ba ta taɓa fahimta ba kuma, ta zaɓi biyu ko uku da ke yawan fitowa ta kai wa malamin darasin ko wata ƙawarta da ta gane su, sauran ta haƙura da su ba tare da jin laifi ba.

A cikin darussa takwas ko tara da za ta rubuta, biyu ne ba a sasanci da su. Jami'o'i, ko ta jiha da ke nan Gombe, ko ta tarayya da ke Kashere, ko ATBU a Bauchi, a yawancin kwasa-kwasai suna neman kiredit 5 da suka haɗa da Turanci da Lissafi, kiredit kuwa yana farawa ne daga C6, wato maki 50 cikin 100. Na ga yara da dama da suka fito da A1 a Hausa da Addinin Musulunci, da B mai kyau a Bayoloji, amma D7 guda ɗaya a Lissafi ta zaunar da su gida shekara cur. Don haka kada rana ta faɗi ba ta taɓa waɗannan biyun ba, ko da na minti 40 ne kowanne, sannan sauran ukun da kwas ɗin da take so ke buƙata su biyo baya. Akwai kuma abin da iyaye ba su cika lura da shi ba: jarrabawar JAMB takan faɗo a daidai wannan tsakani, ita kuma gaba ɗayanta canki-canka ce a kwamfuta, sai yara su shafe makonni suna danna amsa har hannunsu ya manta da dogon rubutu. WAEC tana da nata canki-cankar, amma tana da takardun da sai an zauna an rubuta bayani da hannu, kuma a nan ne aka fi faɗuwa.

Wannan ya kawo mu kan tambayoyin shekarun baya, waɗanda a ganina su ne kayan aiki mafi daraja a wannan lokaci. Ana samun littattafansu a shagunan littattafai na cikin gari, ko a aro wurin waɗanda suka gama bara. Sai dai yawancin ɗalibai ba su iya amfani da su ba: sukan karanta tambaya, su juya baya su karanta amsa, su gyaɗa kai su wuce, wanda bai bambanta da kallon allo ba. Ƙa'idar ita ce a amsa tukuna a rubuce, sannan a duba. Ta kuma sani cewa amsoshin da ke bayan irin waɗannan littattafai ba hukumar jarrabawa ce ta rubuta su ba, akan sami kuskure a cikinsu, don haka in amsarta ta saɓa da ta littafin kuma tana da hujja, ta kai wa malami ya raba gardama.

Kowace Asabar ki shirya mata jarrabawa ta gaske a gida, ke ce mai sa ido. A tsarin da aka saba, takardar rubutu ta Lissafi tana da tambaya 13, biyar na farko dole ne, sannan a zaɓi biyar daga cikin takwas da suka rage, duka a cikin awa biyu da rabi, wato kusan minti 15 ga kowace tambaya. Ki sa a fito da tebur da kujera a inuwa, ki karɓe wayarta da littattafanta, ki tura ƙannenta maƙwabta, ki ajiye agogo a gabanta, ki ce ta fara da ƙarfe 9 na safe. Ƙarfe 11 da rabi na cika ki ce ta ajiye biro, ko da tana tsakiyar layi, ko da ta roƙe ki minti biyu. A karon farko wataƙila ba za ta wuce tambaya shida ko bakwai ba, kuma ranta zai ɓaci, amma a wannan zama ɗaya za ta koyi abin da karatun dare goma ba zai koya mata ba: cewa ta ɓata rabin awa a kan tambaya guda da ta ƙi fita, cewa ya kamata ta fara da wadda ta fi iyawa, cewa yatsunta na gajiya bayan awa ɗaya. Ran Litinin ta kai takardar wa malaminta ya duba mata. Malamai da yawa suna murna da ɗalibin da ya zo musu da aikin da ya yi da kansa, kuma idan kika aika da gaisuwa da roƙo cikin mutunci, da wuya a ƙi.

Bari in gaya miki abin da mai duba takarda ke nema, ki karanta mata ko ki ba ta ta karanta. A Lissafi ana ba da maki ne mataki-mataki, kuma umarnin da ke kan takardar ya faɗa ƙarara cewa dole a nuna aikin da aka bi tare da amsar. A ce an tambaya: ɗan kasuwa ya sayi kaya naira 8,000 ya sayar naira 10,000, nawa ce ribarsa cikin ɗari? Ɗalibar da ta rubuta cewa riba ita ce 10,000 a cire 8,000, saura 2,000, sannan ta raba 2,000 da 8,000 ta ninka da 100, ta riga ta kwashi makin hanya, ko da hannunta ya zame a rabawar ƙarshe ba ta sami 25 ba. Wadda kuwa ta yi lissafin a gefen benci ko a kalkuleta ta rubuta lamba ɗaya tilo, ba ta bar wa mai dubawa abin da zai ba ta maki a kai ba. Sau da yawa nakan riƙe takarda ina jin cewa yaron nan ya san abin, ina neman inda zan ɗora masa maki, amma babu layin da zan kama. Haka nan a rubuta awo a ƙarshen amsa, naira ce ko mita ko digiri, a kuma sa lambar tambaya daidai. A Turanci kuma, insha'in ana son ya kai kalma 450 ko kusa da haka, wasiƙa zuwa ga hukuma tana da tsarinta dabam da wasiƙa zuwa ga ɗan'uwa, sashen taƙaitawa kuma ana son amsa cikin cikakkiyar jimla da kalmomin ɗalibi, domin kwafo layin marubuci ɗungurungum yana jawo asarar makin. Hukumar WAEC tana wallafa rahoton manyan masu duba takardu a shafinta na intanet, darasi-darasi, inda suke bayyana kurakuran da ɗalibai suka fi yi, kuma malaminta zai iya buga mata na darussan da suka fi ba ta wahala. Ta kuma sayi ƙaramin littafi mai ganye 20 ta mai da shi littafin kuskure, duk tambayar da ta faɗi ta rubuta ta a ciki tare da dalilin faɗuwar, ko rashin sani ne, ko gaggawa, ko rashin karanta tambayar da kyau. A makon ƙarshe wannan ɗan littafin zai fi mata amfani a kan duk manyan littattafan da ke kan gadonta.

Batun kaiwa ƙarfe 2 na dare kuwa, ki tsayar da shi yau, ba gobe ba. Likitoci suna ba da shawarar barcin awa 8 zuwa 10 ga matasa masu shekara 13 zuwa 18, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka koya da rana ta adana shi. Wanda ya rage barci don ya ƙara karatu kamar mai zuba ruwa ne a tulun da ya huda gindinsa da hannunsa. Ta kwanta ƙarfe 10, ta tashi da asuba, ta kuma sami ɗan barcin rana idan ta dawo makaranta, domin a zafin Gombe na Maris da Afrilu tsakanin azahar da la'asar ba lokacin da kai ke ɗaukar karatu ba ne. Bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi da hayaniya kuma kafin rana ta yi zafi, shi ne lokacinta na zinariya, a nan za ta sa Lissafi ko duk darasin da ya fi mata nauyi. Bayan la'asar ta yi zama biyu na minti 40 da hutun minti 10 a tsakani, darussa biyu mabambanta, bayan isha'i kuma biyawa a gabanki. Wannan tsari yana da wata fa'ida: mafi yawansa da hasken rana ake yi, don haka ɗauke wuta ba zai rushe shi ba. Ki kuma sa ido kan dabarun hana barci da ɗalibai ke koya wa juna, irin su cin goro, shan kofi mai kauri, lemukan ƙara kuzari, da tsoma ƙafa a bokitin ruwa. Mafi hatsari su ne ƙwayoyin da wasu ke cewa suna buɗe kai. Babu ƙwayar da ke buɗe kai, kuma na san yaran da shaye-shayensu ya samo asali daga makon jarrabawa.

Akwai taimakon da babu mai iya yi mata shi sai ke da mahaifinta, shi ne sauke mata aikin gida. 'Ya mace mai shekara 17 a gidajenmu ita ce mai wanke-wanke da shara, ita ce mai girkin dare, ita ce mai goyon ƙani, ita ake aika niƙa, sannan a ce me ya sa ba ta karatu da rana. Da yawa daga cikin 'yan matan da ke karatun tsakar dare suna yi ne domin shi ne kaɗai lokacin da babu mai kiran sunansu. Ku zauna da maigida ku yanke shawara cewa daga yanzu har a gama jarrabawa an raba aikinta ga sauran 'yan gida, a bar mata abu ɗaya mara nauyi, a kuma sanar da kowa, har da kakarta da baƙin da ke zuwa, cewa in tana kan littafi ba a aikenta. Bikin ƙawa ko na dangi da ya faɗo a wannan tsakani, ki je ki wakilce ta ki ba da uzuri. Islamiyya kuma a je a yi wa malaminta bayani a nemi sassauci na ɗan lokaci, ta riƙe tilawarta ta kullum ko da shafi ɗaya ne, domin tana sanyaya zuciya. Masu 'ya'ya maza su ma abin ya shafe su, sai dai nasu jiran shago ne da aiken kasuwa da gidan kallon ƙwallo.

Waya kuma a yi yarjejeniya a kanta ba tare da faɗa ba: lokacin karatu da lokacin barci tana ɗakinki, a ba ta ita na ɗan lokaci da yamma. Dalilin bai tsaya kan TikTok da hira ba. A irin waɗannan makonni ne ake buɗe zaurukan WhatsApp da Telegram masu alkawarin ekspo, wato fitar da tambayoyi da amsoshin jarrabawa kafin a zauna ta, ana karɓar kuɗin yara ana tura musu amsoshin bogi, wasu kuma su kwana suna jiran takardar da ba za ta zo ba, su shiga jarrabawa ba karatu ba barci. Satar amsa laifi ne a ƙarƙashin dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999, hukumar takan riƙe sakamakon wanda ake zargi ko ta soke shi, wani lokaci har abin ya shafi cibiya gaba ɗaya. Idan wani ya zo miki da maganar a biya kuɗi don a taimaka wa yara a ɗakin jarrabawa, ki ƙi, ki kuma bari 'yarki ta ji kin ƙi, domin yaron da ya sa rai da taimakon ɗakin jarrabawa a ranar yake daina karatu.

Kukan da kika ce tana yi shi ya fi tsaya mini a rai. Yarinyar da ke ramewa saboda jarrabawa ta riga ta ɗora wa kanta tsoro mai yawa, ba ta buƙatar a tuna mata kuɗin rajistar da aka biya da ƙyar, ko a gwada ta da 'yar wance da ta ci kiredit tara. Abin da take buƙatar ji daga bakinki da na mahaifinta shi ne cewa ƙoƙarinta kuke nema, sakamako na Allah ne, kuma ko yaya ya zo ita 'yarku ce. Ki kuma faɗa mata gaskiyar lamari, wadda kan rage wa ɗalibaina nauyi duk lokacin da na faɗa musu: bayan WAEC akwai NECO da ke biyo baya a tsakiyar shekara, akwai kuma zaman masu zaman kansu daga baya, kuma a yawancin kwasa-kwasai ana karɓar sakamakon zama biyu a haɗe, in ban da irin su likitanci da jami'o'i da yawa ke neman zama ɗaya. Sanin cewa ƙofa ba ɗaya ba ce yana sa hannu ya daina rawa. Amma idan kika ga ta daina cin abinci, ko barci ya ƙi zuwa ko da ta kwanta, ko tana kukan bugun zuciya da ciwon kai kullum, ko ta fara maganganun cewa rayuwarta ba ta da amfani, kada ki ce na jarrabawa ne zai wuce. Ki kai ta asibiti ta ga likita, ki kuma sanar da malamar da ta fi sakewa da ita a makaranta.

Da jadawalin jarrabawar ya fito, a kwafe shi a manna a bangon ɗakinki, ki riƙa dubawa da kanki ko ki sa a karanta miki, domin kowace shekara ana samun ɗalibin da ya zo da rana alhali takardarsa ta safe ce. Jarrabawar takan ɗauki sama da wata guda, da ranakun hutu a tsakanin takardu, don haka tsarin bitarta ya bi jadawalin: abin da za a fara da shi a gaba, wanda ke can ƙarshe a ba shi ranakun da ke tsakani. Idan 'yar kimiyya ce, kada ta yi wasa da zaman firaktikal da makaranta ke shiryawa, domin auna sinadari da zana abin da aka ajiye a gabanta ba a koyon su a littafi. Ta riƙa kwana cikin gidan sauro, tunda zazzaɓin kwana uku a wannan lokaci babbar asara ce, kuma ki tanadar mata audugar mata da maganin ciwon mara tun da wuri idan al'adarta za ta faɗo a ciki. A makon ƙarshe ba a buɗe sabon batu, littafin kuskure da takardun da ta rubuta da ka su ne abin dubawa. Daren jarrabawa ta haɗa biro biyu, fensir, abin gogewa, rula, kayan zanen Lissafi, kalkuletar da aka yarda da ita da katin shaidarta a leda ɗaya, a ajiye kuɗin Keke Napep a gefe, ta kwanta da wuri. Da safe ta karya da abin da cikinta ya saba da shi, koko da ƙosai ko kunu, ta riƙi ruwan sha, ta fita da isasshen lokaci yadda za ta isa kafin a fara kiran suna, ke kuma ki sa mata albarka a bakin ƙofa da murya a kwance. Idan ta dawo, ki ba ta ruwa da abinci tukuna, kada ki tare ta da tambayar nawa ta amsa, kada kuma ta zauna da ƙawaye suna gwada amsoshin takardar da ta riga ta wuce. Ta yi wanka ta ɗan kwanta, bayan la'asar ku duba bango ku ga wace takarda ce ke tafe, ki karɓi littafin darasin ki rufe shi a cinyarki, ta fara biyawa.